Ƙulli Uku da Kabad ɗin Auta

Shekara talatin da biyu ina aikin kafinta, kuma duk layinmu babu wanda bai haddace maganata ba: tef na ɗan koyo ne, gwani ido yake sa wa katako ya yanka. Na faɗe ta a shago, na faɗe ta a kan benci, na faɗe ta har a ɗakin jiran likita ranar da na raka matata. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne ranar da na fara wannan wa'azin. Wata Talata ce, shekara uku da suka wuce, na ja tef zan auna ƙafar tebur, sai na ga lambobin sun koma tururuwa. Na goge tef ɗin da riga, na murza idona, na fita rana, na miƙa hannu har kafaɗata ta yi ƙara. Tururuwa dai. Kafin wannan ranar kuwa, ko banɗaki zan shiga da tef a aljihuna.

Za ka ce me ya hana ni sayen tabarau. Tela ne ya hana ni, ko da yake bai sani ba. Shagonsa na jikin nawa, kuma ranar da ya fara zuwa aiki da gilashi a hanci, shekara goma ke nan, ni na miƙe a tsakiyar layi na raɗa masa Ido Huɗu. Sunan ya bi shi har masu kawo ɗinki da shi suke tambayarsa. To da wane hanci zan ɗauki tabarau in wuce ta ƙofarsa? Ga kuma tsoron da ya fi wannan: ranar da aka ji idon kafinta ya mutu, ranar za a fara kai aiki wani wuri, ni kuma a riƙa gaishe ni da tausayi. Sai na rataye tef a ƙusa, na ɗaga murya. Duk ranar da na fi kasa gani, ranar muryata ta fi kaiwa ƙarshen layi.

Ana haka sai Auta, 'yata ta ƙarshe, ta zo shago da mijinta. Sun sami sabon gida a hawa na uku na wani bene, ɗakin kwanan babu inda za a rataye ko ɗankwali. Surukin nan nawa malamin lissafi ne, mutum mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda zai nemi gafarar kujera idan ya yi tuntuɓe da ita. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo wata takarda a ninke.

"Baba, na ɗan auna ɗakin, ga shi a rubuce. In kuma aiki ya yi muku yawa, akwai irin wanda ake sayarwa a kwali, a kawo a haɗa..."

Kalmar kwalin nan ta soke ni har ƙashi. 'Yar kafinta, ta zuba kayanta a kabad ɗin kwali! Ga takarda kuma a hannuna, wadda na san in na buɗe ta tururuwa zan gani a gaban suruki. Ban buɗe ba. Na ƙara ninke ta biyu, na sunkuya na cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburina da ta daɗe tana rawa.

"Ka ga amfanin takardarka," na ce. "Kabad zan yi wa Auta guda ɗaya, ba gutsi-gutsi ba. Daga bango zuwa bango, daga ƙasa zuwa silin. Ko reza ba za ta sami wurin shiga ba. Kuma sau ɗaya zan kalli ɗakin. Kafintan da ya auna abu sau biyu, ya sayar da zartonsa ya kama wata sana'a."

Tela ya leƙo ta saman tabarau, allura a baki. "Mun ji, kuma mun shaida. Mai kanti, kai ma ka ji ko?"

Mai kanti da ke tsallake ya ɗaga hannu ya ce ya ji. Auta kuwa takardar da ke ƙarƙashin tebur kawai take kallo.

Washegari na hau benen. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na riƙe ƙugu, na lumshe ido ɗaya, na karkata kai dama, na karkata hagu, na yi gyaran murya irin ta manya.

"Na gama," na ce.

"Har kun gama, Baba?" in ji suruki, shi da Auta na tsaye a bakin ƙofa.

"Me ya rage? Ɗakin ya riga ya shiga kaina. Ku dai samo mini ruwa mai sanyi. Ku je tare, kada ɗaya ya ɓata."

Suna fita na zaro abin da na ɓoye tun daga gida, wata doguwar igiyar shanya da na sato a tsakar gida. Lamba ce ba na gani, amma ƙulli ai hannu ke jin sa. Na ja igiya daga bango zuwa bango na ƙulla. Na taka akwati na ja daga silin zuwa ƙasa na ƙulla. Na rarrafa bakin ƙofa ina auna faɗinta, ina cikin ƙulli na uku sai ga ƙafar suruki a gaban hancina.

"Baba, lafiya?"

Na dunƙule igiyar a tafin hannu, na manna kunne da ƙasa. "Shiru! Ina sauraron daɓen ne. Ku 'yan boko ba ku san daɓe na magana ba."

Bawan Allah ya tsaya da kofi a hannu, ya riƙe numfashi har na gama sauraro. Na sauko ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa, ban ko waiwayi matakalar da na bi ba, balle in tambayi kaina ta ina kabad zai hau.

Igiyar ta kwana biyu a aljihun rigata kafin katako ya iso. Ranar da zan fara aiki na laluba aljihu, babu riga ma balle igiya, an wanke. Na zagaya gidan kamar mai neman allura, sai na same ta rataye a ƙusar bakin kicin, a naɗe tsaf, ga ƙullinta uku. Na shafa su. Ni ƙullina na maza ne, sai da haƙori ake kwance shi. Waɗannan kuwa sun yi laushi, sun yi kyau, har da 'yar jela.

"Wa ya taɓa igiyar nan?" na tambayi matata, ina kallon wani wuri.

"Wace igiya? Au, ta shanyata da ta ɓata? A aljihunka na tsince ta. Me kake yi da ita, Malam?"

"Ni? Me zan yi da igiya? Akuya gare ni?"

"To me ya sa kake tambaya?"

"Mutum ba zai yi tambaya a gidansa ba?"

A nan maganar ta mutu. Kalma ɗaya ce ta rage in ƙara, in ce ko ta kwance. Amma in na tambaya sai na yi bayani, in na yi bayani sai na yi wani bayanin. In kuma na koma benen na sake aunawa, Tela da mai kanti na nan suna jiran ranar gwanjon zartona. Na sa igiyar a aljihu na ce wa zuciyata wanki ne ya sa ƙullin ya yi laushi. Zuciyata ta ce ƙarya nake yi, na ce mata ta yi mini shiru.

Na rufe ƙofar shago rabi na fara yanka. Kwana uku kabad ya wuce kaina. Kwana biyar sai da na taka benci. Ran na bakwai na fitar da kujerata waje don babu wurin zama. Kullum da safe in na buɗe shago na kalle shi, sai in ga akwai matsala, don ɗakin da ya shiga kaina bai kai haka ba. Sai in fito bakin ƙofa in faɗa wa layi cewa irin wannan aikin ba a taɓa yin sa ba tun da aka fara sare itace.

Tela ya zo ya tsaya ya ɗaga kai har tabarau ya zame masa. "Kafinta, ɗaki nawa ne a ciki?"

"Ka koma kan maɓallinka."

"A'a, tambaya nake. In akwai falo, ɗan ƙanena na neman haya."

"Wanda ya saba da aljihun wando ai dole babban aiki ya ba shi tsoro. Da ido huɗun naka ma ba ka ga daidai ne ba?"

"Na gani. Daidai da wani abu ne, ban dai san mene ne ba."

Mai kanti ya ce shi a ganinsa a sa masa taya a riƙa ɗaukar fasinja. Na yi dariya fiye da kowa, na koma ciki na zauna a cikin kabad ɗin, na jima ina shafa ƙullin nan uku.

Ranar kai kaya, Asabar da hantsi, na kira direban motar ɗaukar kaya da 'yan dako huɗu, ƙarti majiya ƙarfi. Matata ta ce za ta bi mu ta ga ɗakin 'yarta. Tela ya rufe shago, ya ce yau ko ɗinkin sarki aka kawo sai gobe. Aka kama, aka ɗaga, aka nufi ƙofa, kabad ya ce bai san zancen ba. Aka juya shi ta gefe, ya ƙi. Aka kwantar da shi, ya ƙi.

Babban 'yan dakon ya share gumi. "Maigida, ta ina ya shigo?"

"A ciki aka haife shi," in ji Tela.

"Ƙofar ce ta tsuke," na ce. "Damina ta kumbura katakon. Ku cire ta."

"Wa ya yi ƙofar?" mai kanti ya tambaya daga tsallake, alhali ya sani sarai.

Aka cire ƙofa, aka cire katakon da ke riƙe da ita, aka fasa bulo biyu a sama, sannan kabad ya fito duniya. A mota rabinsa ne ya shiga, rabi na lilo a baya. Muna tashi ya kwashe rumfar mai kanti, muka tafi da ita kamar lema, shi kuma ya biyo mu da gudu yana kiran sunan sana'ata. A kwanar farko muka tsinke igiyar shanyar wani gida, a ta biyu muka ɗauki allon mai gyaran waya. Kafin mu isa, mutanen da ke bin motar sun fi ashirin, kowa da abin da ya zo karɓa. Ina zaune a gaba kusa da direba ina gaya masa cewa babban aiki haka yake, sai ya taɓa gari.

Auta da mijinta na jiran mu a ƙofar bene. Suruki ya kalli kabad, ya kalli benen, na ga leɓensa na motsi, lissafi yake yi. Da ya gama sai ya haɗiye amsar, ya ce, "Sannunku da hanya, Baba."

Hawa na farko lafiya lau, har na fara waiwayen Tela. A kwanar matakala kabad ya shiga, ya cije. Aka tura, bai motsa ba. Aka ja, bai motsa ba. Ya toshe hanyar daga bango zuwa bango, ko reza ba za ta wuce ba, kamar dai yadda na yi alkawari, sai dai ba a nan na yi niyya ba. 'Yan dako biyu a sama, biyu a ƙasa, suna magana ta cikin katako.

Sai ga wata tsohuwa ta sauko daga hawa na biyu da jaka a hannu. Daga baya na ji tsohuwar nas ce, ta shekara talatin tana ba mutane umarni.

"Wane ne ya gina bango a matakalarmu?"

"Hajiya, ba bango ba ne, kabad ne," na amsa daga ƙasa. "Minti biyar."

"Ba ni da minti biyar. Kai ne kafintan?"

"Ni ne. Shekara talatin da biyu."

"To shekara talatin da biyun nan su buɗe mini hanya."

Babu yadda zan yi. Na ɗauki guduma na ɓalle katakon bayan kabad, 'yan dakon sama suka buɗe mata ƙofofinsa. Ta tattare zani, ta shiga ta tsakanin wurin rataye riguna, ta ɓullo a gabana, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ƙofar hagu ta fi ta dama tsawo," ta ce, ta wuce.

"Salo ne!" na ɗaga murya a bayanta.

Awa biyu mutanen benen nan ta cikin kabad ɗin Auta suke shige da fice. Wani ya bi da keke, wata da tukunyar gas, wani mai ladabi har sallama ya yi kafin ya shiga. Da ƙyar, da sabulu da man mota, aka zare shi aka dawo da shi titi, gefensa duk ya kwaile. Wani mai hankali a nan zai ce a raba shi biyu. Suruki ma ya fara, "Baba, ko za a ɗan..." Na katse shi. Na ce tun farko ni ta baranda na tsara, matakalar gwaji ce kawai don in ga ƙarfin 'yan dako.

Direba ya kawo igiyar ɗaure kaya. Aka zarga wa kabad, maza shida a barandar hawa na uku suna ja, ni a titi ina ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi. Ya wuce hawa na farko ya tafi da tukunyar furen wani. Ya kai na biyu ya karkatar da farantin talabijin ɗin tsohuwar nas. Tsakanin na biyu da na uku sai ya juya fuska ƙasa, ƙofofinsa suka wangale, aljihunan suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka watse suna ƙirgawa da ƙarfi. Biyar suka faɗo. Na shida ya ƙi.

"Kun gani?" na ce. "Wannan shi ne aiki. Ko a sama ba ya saki."

"Ko a ƙasa ma ba ya buɗuwa," in ji Tela. "Na gwada shi tun a shago."

La'asar ta yi kafin kabad ya shiga ɗakin, bayan an cire ƙofar baranda. Duk wanda ya ja igiya ya ga yana da haƙƙin ganin ƙarshe, don haka ɗakin ya cika, har tsohuwar nas ta dawo ta sami wuri a gaba. Aka ce a tayar da shi. Aka ɗaga, aka ɗaga, kansa ya daki silin tun bai miƙe ba, ya lanƙwasa hannun fanka ɗaya. Aka gwada shi ta faɗi, ya fi bangon da kusan kamu guda. Aka kwantar da shi a tsakiyar ɗaki, ya cinye wurin gado da na sallaya.

Kowa ya juyo yana kallona. Asirina ya kusa tonuwa, amma bakina bai samu labari ba.

"Magina ne!" na ce. "Silin ɗin nan ya sauko. Ran da na zo ba a nan yake ba."

"Shekarata tara a gidan nan," in ji tsohuwar nas, "ban taɓa jin ya motsa ba."

"Ke a ƙasa kike, ina za ki ji? Bangon ma ya matso. Ginin zamani ai tafiya yake yi."

"Kafinta," Tela ya ce a hankali, "ko dai idon ne ya ɗan yi kuskure?"

Nan jinina ya hau. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na zaro igiyar na ɗaga ta sama kamar tuta.

"Kuskure? Ga awona nan! Faɗi, tsawo, ƙofa! Da hannuna na auna, na ƙulla!"

Na ji maganar tawa ta dawo mini daga bango, na so in kamo ta, ta riga ta tafi.

"Awo?" in ji Tela. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Mai kanti, ka ji abin da na ji? Ashe daɓen ba shi kaɗai aka saurara ba."

Matata ta matso tana leƙen igiyar. "Wannan? Malam, ai ranar da na tsince ta na kwance ta na ɗaure katifar da za a kawo wa Auta. Da aka dawo mini da ita na ce ƙila ƙullin na da amfani a wurinka, sai na mayar maka da abinka. Uku na gani, uku na ƙulla. Har na gyara maka tazararsu, naka duk a hargitse suke."

Wani ɗan dako ya zauna a ƙasa don dariya. Direba ya fita baranda yana sanar da na titi, muka ji dariyar ta hau bene daga ƙasa. Suruki kaɗai bai yi ba, ya ciji leɓe har ya yi fari. Don ya cece ni, sai ya kashe ni. Ya zaro tef daga aljihu, ya miƙo da hannu biyu.

"Ba komai, Baba. Ku auna inda za a rage, yanzu a gama."

Da na ce masa ya auna da kansa, da an wuce wurin. Amma ido ashirin na kaina. Na karɓa, na ja shi a jikin kabad da ƙwarewa, na sa babban yatsa a wani wuri, na sunkuya. Wannan karon ko tururuwa babu, fari fat. Na ce a raina idon ya ƙarasa ke nan. Sai na miƙe na faɗa da muryar da ake ji har titi:

"Saba'in da biyu da rabi!"

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Auta ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta rage murya yadda take tsammani ni kaɗai zan ji.

"Baba, bayansa ne. Babu lamba a nan."

Ta juya tef ɗin a hannuna, tururuwata suka dawo. Na zauna a kan kabad. Kunya na sani, na sha jin ta, amma wannan ta zo da wani abu mai kama da sauke kaya.

"Ba na gani," na ce. Ban taɓa jin muryata ƙarama haka ba. "Na kusa ba na ganinsa. Shekara uku ke nan."

"Huɗu," in ji matata. "Shekarar farko kai ma ba ka sani ba."

Na ɗaga kai. "Kin sani?"

"Malam, kullum sai ka ce in karanta maka saƙon waya wai hannunka da datti. Mutumin da ya fito daga wanka?"

"Kujerar da ka yi mini bara," in ji Tela, "ƙyalle uku ne a ƙarƙashin ƙafarta."

"Ni kantar da ka kafa mini ba na so a taɓa ta," mai kanti ya ce. "Gwangwani da kansa yake gangarowa hannuna."

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ta ina?" Tela ya ce. "Kana shiru ne balle a sa baki?"

Sai ya zare tabaransa, abin da na shekara goma ina yi wa dariya, ya ɗora mini a hanci. Duniya ta matso. Na ga lambobin tef baƙaƙe, kowace a zaune a gidanta. Na ga furfura a goshin matata wadda ban san da ita ba. Na ga Auta na dariya da hawaye a ido. Na kuma ga kabad ɗina, na ga ƙofar hagu, na ce a raina tsohuwar nas ma ta yi mini kara.

"A miƙo zarto," na ce.

Na auna bango, na auna silin, na sake aunawa a gaban kowa, babu wanda ya tuna mini da gwanjo. Tela, da ya koma ido biyu, ya laluba ya zauna a kan akwatin ƙusa, ya tashi da sauri, wannan ne kaɗai abin da ya yi mini daɗi a ranar. Kafin magariba kabad ya miƙe a jikin bango. Reza za ta shiga, har da mai askin, amma ya tsaya.

Ran Litinin na je aka auna idona. Na dawo ta gaban shagon Tela da tabarau a hanci, ina tafe ina jiran sunan da zai faɗo. Ashe an riga an gama taro. Tunda Ido Huɗu na da mai shi, sai aka ba ni Ƙulli Uku, kuma har yau da shi masu kawo aiki ke tambayata.

Na shiga shago, wanda har lokacin ba shi da ƙofa, idona ya faɗa kan takardar suruki a ƙarƙashin tebur. Na zaro ta na buɗe. Lambobi uku ne, kowace ta kai girman tafin hannu, an rubuta da baƙin alƙalami mai kauri, an bi an sake bi. Ko ba tabarau, ko daga tsallaken titi, da na karanta su. A ƙasa kuma, da rubutun Auta, shi ma manya-manya: "Baba, naka nake so, ko ya karkace."

Na zauna da takardar a hannu. Tabarau sabo ne, ban san yana yin hazo ba sai ranar.

Da na jingina da tebur sai ya yi rawa, shayina ya zube. Na ninke takardar na sa a aljihun ƙirji, na sauko da tef daga ƙusa, na durƙusa na auna ƙafar teburin. Na sake aunawa. Na waiwaya, ban ga kowa ba, na ƙara na uku.

"Kafinta, sau nawa ke nan?" in ji Tela daga inda ƙofa take a da.

"Sau ɗaya," na ce da ƙarfi. "Gwani ai sau ɗaya yake aunawa."